Salansar Auta

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da mai gidana ya rasu na dawo gidan da aka haife ni, a wani ƙauye da ke gefen hanyar rairayi tsakanin Belbeji da Tanut, sau biyu kawai na kwana a wani gari, su ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni. Amma duk abin da ya bi hanyar nan na san shi, ina zaune a bakin murhuna. Karatu ban yi nisa ba, sai dai Allah ya ba ni kunne. Na san amalanken maƙwabcinmu da kukan ƙafarsa ta hagu. Na san babur ɗin mai allurar dabbobi, wanda yake tari sau biyu kafin ya mutu. Raƙuman Buzaye ma in sun sauko rijiya, ina iya gaya maka ko da kaya suke ko babu. Motar ƙanena kuwa, ko cikin motoci ɗari ta shiga zan fitar da ita.

Inna ta haifi bakwai. Waɗansu sun rasu, waɗansu aure ya kai su nesa, mu biyu muka rage a kusa da ita: ni 'yar fari, shi auta. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar 'yar fari take yi. "Ke" ce ni, in kuma da baƙi a gidan, "waccan". Ba ta yaba girkina a gaban mutane, ba ta kallona in ana kallonta. Ni nake dama mata fura, ni nake yanke mata farce, ni nake sa mata ruwan wanka a rana ya yi ɗumi, amma in an tambaye ta wa ke kula da ita sai ta ce, "Allah dai." Auta kuwa, ga furfura a gemunsa, ga 'ya'ya shida a Tanut, in ya zo sai ta shafa kumatunsa ta ji ko ya rame.

Ban taɓa ganin laifinta ba. Haka aka yi mata, haka ni ma na yi wa ɗana na fari. Sai dai rashin ganin laifi bai hana abu ya yi zafi ba.

Auta direba ne. Yana da wata tsohuwar akori-kura da a da fara ce. Kowace ranar kasuwar Belbeji yakan kwashi mutane da buhuna da awaki daga Tanut da asuba. Da safe ba ya tsayawa, sauri yake yi. In ya juyo bayan la'asar ne yake tsayawa a ƙofar gidanmu, fasinja su sha ruwa su miƙe ƙafa, shi kuma ya shigo ya ci tuwo a gaban Inna, ya wuce kafin magariba.

To, kunnen Inna ya yi nauyi shekaru da yawa. Siririn sauti ba ya shiga ko kaɗan. Magana sai an sunkuya an faɗa mata a kunnen dama. Tsawa da ganga ne kawai suke isa gare ta, su ma ta ce a ƙirji take jin su. Saboda haka zuwan auta ni ce mai sanar da shi.

Yamma da mu akwai wani tudun rairayi mai gawo biyu a kansa. Duk motar da ta fito daga Belbeji sai ta hau shi. In auta ya iso gindinsa yakan sauke giya, injin ya yi wani nishi kamar sa da aka tasa daga kwance. Babu wanda yake jin wannan nishin a garin sai ni. Tun azahar na riga na yi talge, miyar kuka tana gefe. Da na ji nishin sai in goge hannu a zane, in je wajen Inna, in sunkuya in ce, "Ya hau tudu."

Sai ta kama wuyan hannuna. Riƙo sosai, da yatsunta masu sanyi. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Daga nan in koma in zuba gari, in tuƙa, in rufe ya sulala, in kwashe. Malmalar ƙarshe tana shiga kwano, auta yana kashe mota a ƙofar gida. Shekara da shekaru bai taɓa kuskurewa ba. Daga tudu zuwa ƙofarmu tuƙi ɗaya ne da kwashewa.

Kada a yi mini dariya. Na haura hamsin, ina da jikoki. Amma wannan riƙon na sau ɗaya a mako, shi ne rabona da na sani, kuma ina jiransa tun daren jajibirin kasuwa. Na san don auta ake yinsa. Duk da haka hannuna ake riƙewa.

Wata shekara bayan an gama kai hatsi rumbu, ranar kasuwa, ina tankaɗe, sai na ji wani ruri daga yamma. Na ce ko hadari ne, na duba sama, fes. Na ce ko babbar mota ce ta ɓace hanya. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, jakin maƙwabci ya soma tsalle a turke. Sai na ga Inna ta ɗaga kai daga kaɗin da take yi.

"Ke, mene ne wannan?"

Rabon da Inna ta tambayi mene ne wani sauti, na manta. Na tsaya da rariya a hannu ina saurare. A ƙarƙashin rurin nan, can ciki, sai na ji ƙwanƙwasar injin da na sani. Motar auta ce, an canza mata murya.

Da ya iso rabin gari ya biyo shi. Bai ko kashe motar ba sai da ya taka totur sau uku, ƙasa tana rawa. Ya sauko yana dariya, ya ja ni bayan motar.

"Yaya, zo ki ga amarya."

Wani bututu ne yana ƙyalli kamar sabon faranti, bakinsa ya isa ka cusa dunƙulallen hannu. Ya ce sabuwar salansa ce, wato bututun fitar hayaƙin mota, a Damagaram ya saye ta, daga wajen Kano aka kawo. Har kwalin ya zo da shi don a gani, da hoton doki yana gudu, wuta tana fita daga ƙofatonsa. Mai shagon ya rantse masa cewa tana ƙara wa mota ƙarfi, tana rage shan man gazuwal, kuma tudun da a da ake hawa da kuka yanzu da dariya za a hau shi.

"Tsohuwar ta shaƙe ta ne, Yaya. Kamar ki ɗaure wa mutum hanci da baki ki ce ya yi gudu. Yanzu numfashi take yi."

Na ce, "To na ji an buɗe mata baki. Ƙafar fa?"

"Ke dai ba ki san mota ba. Mota ɗaya kika taɓa shiga a duniya, ita ma kika yi amai."

"Na yi amai ne saboda tuƙinka."

Mutane suka yi dariya. Wani Buzu a cikin fasinja ya sauke rawani daga bakinsa ya ce shi dai tun daga Belbeji haƙoransa suke kaɗawa, in ƙarfin ke nan to ya ji shi. Aka sake dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da ke tafe ba.

Mako ya zagayo. Ina zaune da talgena, na ji rurin tun yana can cikin kwari, nesa da tudu ƙwarai. Na ce bari ya matso tukuna. Ban ankara ba sai muryar Inna daga ƙofar ɗakinta, da ƙarfi irin na masu nauyin kunne:

"Ke! Ga auta nan! Tuƙa!"

Na juya. Fuskarta tana haske kamar an yi mata albishir da Makka. Ta dafa ƙirji tana cewa, "Na ji shi. Wallahi ni na ji shi." Na matsa kusa da ita, na sunkuya, na ce bai ko iso tudu ba. Hannuna yana nan kusa da nata. Ba ta kama ba. Ta kore ni da bayan hannu kamar kaza.

"Tuƙa, na ce. Yaro zai zo da yunwa."

Na tuƙa. Na kwashe. Na rufe. Muka zauna. Tuwo ya huce, ya yi ɓawo a sama, man shanun da na zuba a miya ya daskare. Sannan auta ya iso. Ya kai loma ɗaya ya dube ni.

"Yaya, tuwon jiya ne aka ɗumama mini, ko ɗumamen ma an yi rowa?"

Inna ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga yana dariya, ita ma ta yi.

Ba ni kaɗai abin ya ruɗa ba. Matan da suke ba auta saƙon man gyaɗa da ƙuli zuwa Tanut sun saba da sun ji mota su fito. Yanzu sai su fito da kaya a ka, su tsaya a bakin hanya har wuya ya ƙage. Tsofaffin ƙofar masallaci suka yanke hukunci cewa motar ta rage gudu: a da in an ji ta, kafin a gama alwala ta iso, yanzu sai a ji ta, a yi salla, a yi lazimi, ba ta zo ba. Auta kuma yana rantsuwa cewa tashi take yi sama. Har gardama suka yi da liman. Ni ina jin su ta katanga, na san duk cikinsu babu mai gaskiya. Motar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Bakinta ne ya riga ta zuwa.

Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, Inna ta sa na mayar mata da tabarma jikin katangar yamma. Ranar kasuwa tun azahar take zama a can, kai a karkace, ba ta son a yi mata magana. In maƙwabta sun shigo sai ta ce, "Kun ji motar auta kuwa? Ta yi murya. Duk ƙasar Damargu babu mai irinta." Wata rana da motar ta huce, ta sa aka riƙa ta har bayanta, ta shafa bututun nan da gefen mayafinta, ta sa masa albarka. Ina tsaye da butar ruwan da na kawo mata.

Na yi kishi a rayuwata, irin na 'yan mata da irin na manya. Ban taɓa zaton zan yi kishi da ƙarfe ba. In na fita zuba wa fasinja ruwa, ba na kallon wajen. In rana ta haska shi ya ƙyalla mini a ido, sai in ji kamar gwalo yake yi mini.

Daga nan na sa masa kunne, irin sa kunnen da ake yi wa wanda ake neman laifinsa.

Giya dai a wuri ɗaya auta yake sauke ta, daidai gindin tudu, ko taki ɗaya bai ƙara ba. Nishin nan yana nan, sai dai yanzu da ihu ake yinsa. Ranar da kaya suka yi yawa kuma, ina jin motar ta tsaya a ƙasa, ta hau ita kaɗai, ta jira a sama. Da suka iso na dubi ƙafafun fasinja: rairayi har idon sawu, ƙarangiya ta cika bakin wanduna. An sauke su sun hau tudu da ƙafa ke nan, kamar kullum. Gazuwal kuma a ɗakin ajiyata yake barin jarkarsa. A da yakan rage ɗan wani abu a gindinta. Yanzu sai ya kife ta ya girgiza. Yo ba dole ba? Kowace ruga ya wuce sai ya taka totur don a san shi ne.

Sai na yi gwajin da ya fi kowanne. Wata ranar kasuwa Inna ta ce in tuƙa, na ce wuta ta mutu. Na yi ta jan itace ina mayarwa, ina hura abin da ba ya bukatar huri, tana faɗa ina yi kamar ni ce kurmar. Sai da na ji an sauke giya a gindin tudu na zuba gari. Na tuƙa yadda na saba, ban yi sauri ba, ban yi nawa ba. Malmalar ƙarshe tana shiga kwano, motar tana mutuwa a ƙofar gida.

Na kai masa tuwo yana tururi. Na zauna a gabansa, abin da ban saba yi ba.

"Auta, dawakin nan da aka ce an ƙara maka, a ina ka ɗaure su?"

"Wane dawaki?"

"Na jikin kwali. Daga tudu zuwa nan tuƙi ɗaya ne da kwashewa tun kafin a kawo amaryarka. Yau ma haka."

"Haba Yaya, yanzu da muciya ake auna mota?"

"To auna da wayar salularka mana, tunda tana da agogo. Ai ka san minti nawa kake yi a da. Kuma ka tambayi mutanen da ka sauke a tudu ko dokin ya ɗauke su."

Ya ce wa ya gaya mini ya sauke mutane. Na ce wandunansu.

Mako biyu bai tayar da maganar ba. A na uku, bayan ya ci, ya same ni a bayan rumbu ina wanke tukunya. Ya tsuguna, ya rage murya kamar Inna za ta ji.

"Na duba. Ko minti ɗaya bai ragu ba. Bakaniken da nake kai wa gyara ma ya gaya mini tun ranar farko, ya ce injin da ya tsufa ya tsufa, ƙarfinsa a cikinsa yake, bututun baya ba zai ƙara masa abin da zan ji ba. Ni ne ban so ji ba. In kana ciki tana ruri sai ka rantse gudu kake yi."

Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce, "To cire ta mana. Ka mayar da tsohuwar."

Sai ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"A'a. Bar ta. Inna tana jina."

Da ya ce don kuɗin da ya kashe ne, ko don kada a yi masa dariya a tasha, da na ƙyale shi. Amma ya faɗi wannan, da murmushin nan na ɗan da bai taɓa shakkar ana sonsa ba. Ban shirya abin da ya fito daga bakina ba. Ya fito sumul kamar na daɗe ina ajiyarsa.

"Tana jinka ƙwarai. Kwana biyu take yi da ciwon kai duk ranar da ka zo. Ni nake ɗaure mata kai. Ba za ta gaya maka ba, kuma kada ka tambaye ta, kunya za ka ba ta."

Murmushin ya ɓace. Ya ce, "Yaya, wata nawa ke nan, ba ki faɗa ba?" Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

Da mako ya zagayo motar ta dawo da tsohuwar muryarta, an yi wa tsohuwar salansa walda an mayar. Sabuwar kuwa ya jefar da ita a tsakar gidanmu ya ce in yi abin da na ga dama da ita. Da kowa ya watse na ɗauke ta na leƙa. Babu komai a ciki. Rami ne fayau, ka duba ta wannan baki ka ga rana ta wancan. Wannan ne aka sa wa albarka. Damina ta kusa, indararon ɗakin girkina ya fashe, sai na sa maƙwabci ya kafa mini ita a can. Ruwan farko da aka yi na tsaya ina kallon yadda take tsiyaya, na ce to, yau kin sami aikin da kika iya.

Na koma matsayina. In ji nishi a gindin tudu, in goge hannu, in sunkuya: "Ya hau tudu." Ta kama hannuna, ta sa albarka. Ranar farko ta tambaye ni ko motar ba ta da lafiya ne, na ce ya cire abin ne. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Amma ba ta bar katangar yamma ba. Ko bayan na gaya mata, kanta yana nan a karkace, tana nema. Riƙon ma ya canza. Ta kama, ta saki da wuri, kamar mai karɓar saƙo a ƙofa. Wata rana wata tsohuwa ƙawarta ta zo, ina ɗaki ina jin su, don Inna ba ta iya magana a hankali. Ta ce, "Ni yanzu duniyata iyakarta inda hannuna ya kai. Kiran salla ma sai na ga mutane sun tashi. Ƙarfen nan ne kaɗai abin da ya zo mini daga nesa. Ina zaune sai in ji yaro yana tahowa, yana tahowa, ni da kaina." Ƙawar ta ce me ya sa ya cire. Inna ta ce, "Su suka san abinsu."

Na ji. Na yi kamar ban ji ba. Ranar na dama mata fura da nono mai yawa, na zauna ina yi mata fifita har ta ce ya isa. Ban sauko da bututun ba. Gaskiya nake rubutawa: na fi son riƙon da aka rage da a ce babu shi.

Ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, auta ya zo ya tarar da Inna ta ɗaura ɗankwali tamau saboda sanyin ruwa. Ya manta da gargaɗina, ko kuwa tausayi ne ya ci ƙarfinsa. Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya sunkuya a kunnenta na dama, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Inna, ya ciwon kan? Bai bari ba?"

"Ciwon kai?"

"Wanda ƙarar mota take sa miki. Yaya ta ce kwana biyu kike yi a kwance. Shi ya sa na cire."

Ina tsaye a bakin murhu da mara a hannu. Na ji kaza tana tono a bayan ɗaki. Na ji ɗigon ruwa daga bututun nan yana faɗawa cikin tulu. Inna ba ta dube ni ba, ai ba ta saba ba. Ta dubi ƙasa, ta gyara bakin zanenta. Sannan ta ce:

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Tun da ka cire ban ƙara ji ba. Ci tuwonka."

Inna ba ta ƙarya. Ko ɗan abin nan da ake gaya wa mai bara, a ce babu alhali akwai, ba ta yi. Ranar ta yi, a gaban autanta, don kada ya san abin da na aikata. Sunana bai fito daga bakinta ba, kamar kullum. Na shiga ɗakin girki na zauna a kan turmi, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Da auta ya fita duba tayoyi na bi shi. Na nuna masa saman ɗaki.

"Hau ka ciro waccan."

"Ta me? Ciwon kan fa?"

"Inna ba ta taɓa ciwon kai ba. Ni na ƙirƙira."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan taya yana kallona. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya dubi bututun, ya dube ni, ya ce a hankali, "Yaya, ke da ƙarfe?"

"Hau ka ciro, na ce. Rana tana faɗuwa, ga mutane suna jiranka."

"Kin dai san ba ta ƙara komai. Ke kika auna."

"Na sani. Ba don tudu za ka sa ta ba."

Ya hau ya ciro. Sauran daminar ɗakin girkina ba shi da indararo, ruwa ya ci bango ya yi masa zane daga sama har ƙasa. An yaɓe wurin daga baya, amma har yau in ka duba za ka ga alamar.

Yanzu samarin da suke sayen babura da motoci sukan zo su tambaye ni, da wasa da gaske, wai ni ce na auna mota da muciya. Ina gaya musu abin da na sani. Wadda na gani ba ta ƙara gudu ba, ba ta hau tudu ba, ba ta rage mai ba. Ƙara kawai take ƙarawa, kuma wanda yake ciki shi ne farkon wanda take ruɗa. Sai su ce to me ya sa har yau take jikin motar ƙanenki. In ce su je su tambaye shi.

Ranar kasuwa ina jin rurin tun kafin ya shigo kwari, tun yana wajen rijiyar makiyaya. Har yanzu na riga kowa, na riga Inna da nisa. Sai in yi shiru, in ci gaba da gyara wuta, in juya mata baya don kada ta gani a fuskata. In jira. Wani lokaci jiran yana da tsawo, harshena yana ƙaiƙayi. Can sai in ji ta:

"Ke! Ke! Zo nan!"

In je in tsuguna. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfi, ta girgiza shi.

"Ga auta nan. Ba ki ji ba?"

In ce, "Yanzu na ji, Inna."

"To tuƙa mana, kin tsaya."

In ce to. Ba na tuƙawa sai ya sauke giya, ita ma ta daina tambayar dalilin da wutata take yawan mutuwa. Ina zaune a gabanta, tana riƙe da ni, kanta a karkace wajen yamma, tana saurarensa yana tahowa. Riƙon yanzu ya fi na da daɗewa, tun daga kwari har gindin tudu. Nasa ne ko nawa, ban sani ba. Ban tambaya ba, kuma ba na janye hannun.